Karin Kumallo A Baƙon Gari: Me Za Ki Ci, Me Za Ki Bari?

  Ina gaishe ku a duk inda kuke, ko kina bakin murhu, ko kina tsakar gida kina tankaɗe, ko kina ɗaka da jinjiri a cinya. Gaisuwa ta musamman ga matan Kucheri da Tsafe da 'Yandoto da Bilbis, da na Bungudu da Kwatarkwashi da Nahuce, da na cikin garin Gusau. Allah ya bar zumunci.

Yau maganar ciki za mu yi, amma ba cikin haihuwa ba, cikin da ake zuba wa abinci. Za mu duba abin da mace za ta karya kumallo da shi idan tafiya ta kai ta wata ƙasa. Na san wata za ta ce, "Ni da ko ƙofar gida ban leƙa ba sai da dalili, ina ni ina wata ƙasa?" To 'yar uwa, kada ki ce haka. Mata nawa kika sani a unguwarku waɗanda ko Funtuwa ba su taɓa zuwa ba, rana ɗaya ɗa ko miji ko ɗan uwa ya biya musu kujerar Makka? Motar da ta ɗauke su daga ƙofar gida ba ta tsaya ba sai sansanin alhazai, daga nan sai filin jirgi, bayan awa 4 zuwa 5 a sama sai ga su a Jidda ko Madina. Wata kuma jinya ce ke kai ta Masar, wata ziyarar dangi ce ke kai ta Gana ko Sudan. Amma tunda ga mafi yawanmu tafiyar farko ita ce ta ƙasa mai tsarki, a kanta za mu fi tsayawa.

Me ya sa safiya ta fi wuya?

Abincin rana da na dare ba su cika ba alhajiya wahala ba, domin shinkafa da kaza ko'ina shinkafa da kaza ne, sai dai bambancin hannu. Safiya ce ke da rikici. Cikin ɗan Adam yana da sabo, kuma babu inda sabon ya fi ƙarfi kamar abincin farko. Ke da kika shekara 30 ko 40 kina yin kalaci da koko da ƙosai, ko kunun tsamiya, ko ɗumamen tuwo da miyar kuka da man shanu, ko waina, ko hoce, sai ga shi an ajiye miki wani abu ruwan ƙasa a faranti, mai yana yawo a kansa, da wani faffaɗan burodi kamar faifai. Ba ki san sunansa ba, ba ki san wanda ya dafa ba, ba ki san da me aka dafa ba. Ga shi kuma ke a rayuwarki ke ce mai dafa wa mutane, ba ki saba cin girkin wanda ba ki sani ba. Dole zuciya ta yi ƙyanƙyami.

Abin da yakan biyo baya kowa ya sani. Sai Hajiya ta ture farantin, ta ce ita ruwan shayi ya ishe ta. Yau shayi, gobe shayi da biskit, jibi ta jiƙa garin rogon da ta zo da shi. Kafin mako ya zagayo ƙafa ta fara rawa, jiri ya fara ɗiba, ga tari ga mura saboda sanyin na'urar ɗaki. Alhali aikin da ya kai ta aikin ƙarfi ne. Safa da Marwa kaɗai, zuwa da dawowa sau 7, ya kai kusan kilomita 3, ban da ɗawafi, ban da tafiya daga masauki zuwa Harami, ban da Mina da Arfa da zuwa jifa. Ga rana. A Hajjin 2024 zafi ya haura 50 a ma'auni a Makka, kuma hukumomin Saudiyya sun ce mutum 1,301 ne suka rasu, akasarinsu waɗanda suka yi doguwar tafiya a ƙasa cikin rana ba inuwa. Allah ya jiƙansu. Ban ce yunwa ce ta kashe su ba, amma jikin da babu abinci babu ruwa shi rana ke fara kayarwa. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Kuɗin da aka tara shekara da shekaru, wata har da sayar da shanu ko gona, bai kamata ya ƙare a gadon asibiti saboda ƙin cin abinci ba.

Hukumar alhazai takan shirya ciyarwa a masaukai, amma ba kullum abincin ke zuwa a lokacin da kike so ba, ba kuma kullum yake dacewa da bakinki ba. Mai zuwa Umara kuwa sau da yawa ita ke nemar wa kanta. Ko ba jima ko ba daɗe sai kin tsaya gaban mai sayar da abinci. Gara ki san abin da za ki tarar tun kina gida.

Abin da za ki tarar

Sarkin karin kumallo a Makka da Madina da Jidda shi ne ful. Haka yake a Masar, haka yake a Sudan. Ful ba wani abu ba ne illa wake, sai dai ba irin namu ba. Shi faffaɗa ne, ya fi namu girma, fatarsa ta fi kauri. Ana jiƙa shi, sannan a zuba a wata babbar tukunya mai ƙaramin baki kamar tulu, a bar shi kan wuta kaɗan-kaɗan ya kwana yana dahuwa har ya yi lugub. Da asuba za ki ga mai shago ya karkata tulun, yana zura doguwar ludayi yana kwasowa. Sai ya dama shi, ya zuba man zaitun ko man shanu, da gishiri, da wani kayan ƙamshi da suke kira kammun, wani lokaci da tumatir da albasa da lemun tsami. In kin taɓa cin faten wake, to kin ci ɗan uwan ful. Yana riƙe ciki tun safe har azahar, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, shi ya sa lebura da attajiri duk suke layi a wuri ɗaya.

Abokin tafiyar ful shi ne tamis, wato wannan faffaɗan burodin. Mutanen Bukhara da Afganistan ne suka shahara da yin sa a can. Ana murza ƙullun alkama, a buɗe shi, a ɗan huhhuda, a manna a jikin tanderu mai zafi, cikin 'yan mintoci ya gasu. Wadda ta san gurasar Kano ta san tamis, domin aikin ɗaya ne, tanderun ma ɗaya ne. Ba a cin ful da cokali. Gutsuro tamis za ki yi da hannun dama, ki dangwalo, kamar yadda kike yi da tuwo da miya. Akwai tamis na gishiri-gishiri, akwai mai sukari da man shanu, don haka ki duba kafin ki karɓa.

Sai adas, wasu 'yan ƙananan wake masu faɗi, ja ko ruwan ƙasa, da ake dafawa su narke kamar kunu mai kauri. Shi ma da tamis ake ci, kuma ya fi ful sauƙi a ciki. Sai shakshuka, wadda sunanta ne kawai baƙo: ƙwai ne aka soya da tumatir da albasa da ɗan tattasai, irin wanda mai shayi ke yi a bakin tasha. Sai kibda, wato hanta da aka yanka ƙanana aka soya da albasa. Sai mutabbak, ƙullin fulawa ne da ake buɗewa ya yi siriri kamar takarda, a zuba ƙwai da niƙaƙƙen nama da wani ganye mai kama da lawashi, a ninke, a soya a faffaɗan kasko, a yanka gida-gida. Sai falafil, wanda Misirawa ke kira ɗa'amiyya. In kin gan shi za ki rantse ƙosai ne, kuma ba ki yi nisa da gaskiya ba, domin wake ne aka jiƙa aka markaɗa da ganye aka soya a mai. Sai balila, wani wake mai kama da ƙananan gurjiya, wadda wasunmu ke kira ƙwaruru, dafaffe da ruwansa.

A ɓangaren zaƙi akwai ma'asub, abincin mutanen Hijaz da Yaman. Ayaba ce nunanniya ake kirɓawa da burodin alkama, a zuba zuma da man shanu ko kirim ɗin madara. Yana da daɗi, yana da nauyi, rabin faranti ya ishi mace. A ɓangaren sha kuma akwai laban, wanda yake nono ne tsararre a cikin roba ko kwali, da zabadi, wato kindirmo. Wannan farin abu mai kauri da ake zubawa a kan ful ko falafil, wanda suke kira ɗahina, riɗi ne aka niƙa, riɗin nan dai da muke yin kantu da shi.

Kin ga ke nan, in aka cire sunaye, me ya rage? Wake, alkama, ƙwai, hanta, ayaba, nono, riɗi. Babu ko ɗaya da bai taɓa shiga madafinki ba.

Tukunyarmu da tasu dangi ne

Wannan kamanni ba haɗuwar banza ba ce. Shekaru aru-aru fatake da malamai da alhazai suna kai da kawo tsakaninmu da ƙasashen Larabawa, kuma duk inda ƙafa ta bi, tukunya takan bi. Ki saurari bakinki da kanki: alkama, albasa, sukari, shayi, gahawa, alewa, alkaki, alkubus, gurasa, duk sunaye ne da suka samo asali daga Larabci. Ranar da kakanninmu suka fara ganin gurasa a hannun Larabawan da suka zauna a Kano, ita ma baƙuwa ce. Yau wa zai ce bandashe ba na Bahaushe ba ne?

Mu ma mun kai namu. Kafin zuwan jirgin sama, alhazanmu a ƙasa suke tafiya, ta Barno, ta Chadi, ta Sudan, har bakin Bahar Maliya, tafiyar da takan ci shekaru, ana yi ana tsayawa ana noma ana neman guzuri. Da mata ake wannan tafiya, da goyo a baya, kuma duk garin da suka sauka abin da mutanen garin ke ci shi suke ci. A Sudan sun tarar da asida, wadda tuwo ce, da kisra, wadda ake yi da ƙullun dawa mai tsami, 'yar uwar sinasir. Da yawa ba su dawo ba. Bayan yaƙin Burmi na 1903, jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru da suka yi hijira gabas sun kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu, kuma har yau akwai Hausawa a can. Shi ya sa a Sudan ake sayar da wani gasasshen nama mai ƙuli-ƙuli da yaji ana kiran sa agashe. Ki sake faɗin sunan a hankali, za ki ji Hausa ce. A Makka da Jidda ma akwai irinsa, suna ce masa sire, wato tsirenmu ne ya yi zaune a can. In kuma Gana kika je, a Ankara ko Kumasi, abin da mutane ke rububi da safe sunansa Hausa koko, ana sha da kose, wato ƙosai. Shahararren abincinsu wace kuwa, daga kalmar wake aka samo sunan, shinkafa da wake ne da ake dafawa da karan dafi don ya yi ja.

To in mutanen Ankara da Khartum da Makka sun ɗanɗana namu har ya zama nasu, mu me zai hana mu ɗanɗana nasu?

Shiga gidan abinci

Na san abin da ya fi damun macen da ta tashi a cikin kulle ba abincin ba ne kaɗai, wurin ne. A wurinmu mace mai mutunci ba ta zama cin abinci a bainar maza, kuma wannan kunya ado ce, ba na cewa ki yar da ita. Abin da nake so ki sani shi ne can ma sun san da wannan. Shekaru da yawa doka ce a Saudiyya gidan abinci ya ware ƙofar maza daban, ta iyali daban. A ƙarshen 2019 aka ɗage wannan tilas, amma har yanzu wurare da yawa suna da sashen iyali, wasu har da labule ko 'yan ɗakuna, inda mace za ta ɗage niƙabinta ta ci a natse. Kalmar da za ki nema ita ce a'ilat, wato iyalai.

Ƙananan shagunan ful da tamis kuwa galibi ba su da wurin zaman mata, saye ake yi a tafi. A nan kalma ɗaya za ta fisshe ki: safari. In kin ce safari, ko maigida ko muharraminki ya ce, za a ƙulle muku ku tafi da shi masauki. In aka ce mahalli, ana nufin a nan za a ci. Dabarar da ta fi ita ce ku haɗa kai ku 'yan ɗaki ɗaya, ku huɗu ko biyar, ku yi karo-karo, a sayo ful ɗaya, adas ɗaya, shakshuka ɗaya, tamis biyu ko uku, ku baje a ɗaki kowa ta taɓa. Wadda wannan bai yi mata ba, wancan zai yi. Ku tuna masu ful da asuba suke buɗewa, in hantsi ya yi sosai sukan rufe sai yamma, don haka dawowa daga sallar asuba shi ne lokacinsa. Kada ki fita ke kaɗai a garin da ba ki sani ba, kuma kada ki rabu da katin masaukinki.

Ba sai kin iya Larabci ba. Masu shagunan ma da yawa ba 'yan ƙasar ba ne, daga Yaman suke, ko Afganistan, ko Pakistan, ko Bangaladash, kuma sun saba da alhazan duniya masu nuni da yatsa. Amma 'yan kalmomi kaɗan za su yi miki rana. Esh hada, mene ne wannan? Bikam, nawa ne? Shuwayya, kaɗan. Bidun sukkar, ban da sukari. Bidun milih, ban da gishiri. Shaɗɗa, yaji. Moya, ruwa. Ki sa yaron gida ya rubuta miki a takarda, da boko ko da ajami, ki riƙa bita kina tsintar shinkafa. Matambayi ba ya ɓata.

Idonki na mai girki

Kada ki raina kanki don ba ki taɓa fita ba. Macen da ta shekara 20 tana girki ta fi kowane ɗan boko sanin abincin da ya kwana, da man da aka soya aka sake soyawa, da naman da ya fara juyawa. Wannan ilimin da shi za ki tafi, ba a karɓe shi a filin jirgi.

Ki zaɓi shagon da mutanen gari suka yi wa layi, domin inda ake ciniki abinci ba ya kwana. Ki zaɓi abin da aka sauke daga wuta a gabanki yana tururi. Ki duba hannun mai zubawa da tsabtar wurin. Ki yi hattara da ɗanyen ganye da yankakkun kayan lambu da suka daɗe a buɗe. Nono da kindirmo ki duba kwanan watan da ke jikin robar, ki tabbata daga firiji aka ɗauko. Abin da kika sayo da safe, musamman mai ƙwai ko nama ko hanta, ki ci da safen. Kada ki ƙulle a leda ki ce sai la'asar, domin zafin can cikin 'yan awoyi yake lalata abinci, kuma irin wannan ajiya tana iya jawo gudawa. Ki wanke hannu da sabulu kafin ki ci.

Ranar farko ki ci kaɗan, loma biyar ko shida, ki saurari cikinki. In lafiya, gobe ki ƙara. Kada ki haɗa baƙin abinci uku a rana ɗaya, don in wani ya ɓata miki ciki ki san wanne ne. Kuma duk gwajin da za ki yi, ki yi shi a kwanakin farko, a Madina ko a Makka kafin a fita Mina. Daren Arfa ba daren gwaji ba ne. A ranakun nan ki tsaya kan abin da cikinki ya riga ya amince da shi, ki yawaita ruwa ko ba ki jin ƙishirwa.

Abincin wani, gubar wani

Yanzu ki ajiye abin da ke hannunki ki saurara da kyau, domin wannan ita ce maganar da ba a cika faɗa a wurin bita ba. Na yabi ful, kuma ya cancanci yabo, amma akwai mutanen da bai kamata su ci shi ba. Akwai wani sinadari a jikin ɗan Adam da ke tsare jajayen ƙwayoyin jini, likitoci suna kiran sa G6PD. Wasu ana haihuwarsu da ƙarancinsa. Gado ne, ba cuta ce da ake ɗauka ba, kuma ba sikila ba ce. An ƙiyasta mutum kimanin miliyan 400 ne ke da shi a duniya, kuma yana da yawa a nan Afirka ta Yamma. Ya fi bayyana ga maza, amma mata ma suna da shi, kuma ta wurin uwa ɗa namiji ke gado. Mai shi yakan rayu lafiya bai ma sani ba, sai ranar da ya sha wani magani da bai dace da shi ba, ko ya ci wannan wake na ful, sai ƙwayoyin jinin su fara fashewa. Waken gida da muke nomawa ba ya yin haka, shi ya sa mutum zai tsufa bai taɓa gane yana da matsalar ba. Irin da ya fi yawa a ƙasashenmu bai kai na mutanen wasu ƙasashe tsanani ba, mafi yawan alhazai suna cin ful lafiya lau, amma abin yana faruwa, kuma ya fi tsanani ga yara.

Alamunsa su ne, cikin kwana ɗaya ko biyu bayan an ci, fitsari ya yi duhu kamar baƙin shayi, ido ya yi ɗorawa kamar mai shawara, jiki ya mutu, numfashi ya yi sama-sama, wani lokaci da ciwon baya ko na ciki. In kin ga haka a jikinki, ko ga maigida, ko ga yaro, kada a tsaya jiƙe-jiƙe, kada a ce rana ce. A tafi wurin likitocin alhazai ko asibiti nan take, a gaya musu an ci ful. In kuma kin san a gidanku akwai wanda fitsarinsa ya taɓa yin baƙi bayan shan wani magani, ko ana yawan haifar jarirai da shawara mai tsanani, to ki gaya wa likita tun a gida lokacin gwajin maniyyata, ki tambaya ko za a auna ki. Wadda aka tabbatar tana da shi ta bar ful, ta bar ɗa'amiyyar Masar domin da waken ful ake yin ta, ta tambaya kafin ta ci falafil domin wasu suna haɗawa. Mai shayar da jaririn da ke da matsalar ita ma ta bari, domin yana iya bi ta nono. Ga adas nan, ga ƙwai, ga nono, ba za ta rasa abin ci ba. Rigakafi ya fi magani.

Mai ciwon sukari kuma ta yi nesa da ma'asub da tamis mai zaƙi da lemunan kwali, ta ce a ba ta shayi bidun sukkar, kuma kada ta sha maganinta ta fita ɗawafi da ciki wayam, domin sukari na iya faɗuwa ta yanke jiki a cikin taro. Mai hawan jini ta rage cuku mai gishiri da 'ya'yan zaitun da kayan tsami da ake ajiyewa a gefen faranti. Mai gyambon ciki ta ce ban da shaɗɗa, ban da lemun tsami.

Tuwon gida da guzuri

Wata za ta ce, "Ai an ce akwai 'yan uwanmu Takari masu sayar da tuwo da koko a Makka." Gaskiya ne. Hausawa sun daɗe a can, wasu tun kakanni, kuma a unguwannin da alhazanmu suka saba sauka, irin su Misfala, ba a rasa mai tuwon shinkafa da miyar kuka ko waina. Ranar da kewar gida ta taso, babu laifi. Sai dai ki auna shi da ma'aunin da kika auna na Balarabe. Tuwon da aka ƙulla a leda tun safe yana rana a bakin titi, don an ce na gida ne ba zai hana shi ɓata ciki ba. Kuma ba ko'ina za ki same shi ba, ba kuma kowane lokaci ba.

Guzuri irin su yaji da garin kunu da ƙuli-ƙuli yana taimako, yajin gida ma kaɗai in kika barbaɗa a kan ful ko ƙwai sai ki ji abincin ya matso kusa da ke. Amma ki tambayi malaman bita abin da aka yarda a ɗauka a shekarar da za ki tafi, domin doka tana canzawa. Goro dai an sha gargaɗin alhazai kada su ɗauka, ya jefa mutane da yawa cikin wahala a filin jirgi. Kada kuma ki yarda wani ya ba ki ƙullin da ba ki san abin da ke ciki ba, ko da ya ce kuka ce ko kuɓewa. Girki a tantin Mina kuwa an hana, tun bayan gobarar 1997 da ta ci fiye da mutum 300.

Tun daga gida ake farawa

Ke maniyyaciya, da ke da kike sa rai, ga shawara mai sauƙi. Tun yanzu ki fara saba wa cikinki. Ran nan ki dafa waken gida ya yi lugub, ki dama, ki zuba man gyaɗa ko man shanu da albasa da tumatir da ɗan lemun tsami, ki ci da gurasa ko burodi da safe. Wata rana ki soya ƙwai da tumatir. Yara za su yi murna, maigida zai ce yau kuma me aka samu, ke kuwa kin san bita kike yi. In akwai Hajiya a gidanku ko maƙwabta wadda ta riga ta je, ki zauna da ita ki tambaye ta abin da ta ci da abin da ya dame ta. Ku kuma da za ku tura tsofaffi, ku gaya musu wannan magana, ku haɗa su da wata mai ƙuruciya a cikin ayari wadda za ta riƙa lura ko Inna ta ci ko ba ta ci ba, domin tsoho yakan yi shiru da yunwa saboda kara.

Abu na ƙarshe shi ne ladabi. Malamanmu suna karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai taɓa kushe abinci ba, in ransa na so ya ci, in ba ya so ya bari. In an miƙo miki abin da bai yi miki ba, kada ki yatsine fuska, kada ki ce "wannan wane irin ƙazami ne", domin abin da wata uwa ke ciyar da 'ya'yanta ke nan kowace safiya, kamar yadda kike ba naki koko. A Harami za ki zauna kusa da 'yar Indunusiya da 'yar Turkiyya da 'yar Pakistan, wata ta miƙo miki dabino, wata burodi, wata abin da ba ki san sunansa ba. Ki karɓa da fara'a, ki yi bisimilla, ki ce shukran. In kina da ƙuli-ƙuli a jaka, ke ma ki miƙa mata.

A nan za mu dakata a yau. Masu niyya, Allah ya cika muku buri, ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya, ya sa a yi karɓaɓɓiya. Waɗanda ba su samu ba, Allah ya kira mu baki ɗaya. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya tsare mana hanyoyinmu da gonakinmu. A gaida maigida, a shafa kan yara. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.